Littafin da Muka Sauya wa Bango

Shekarar da sojoji suka koma bariki, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ɗakina ya cika da kwalaye. Mutane suna ta zancen farar hula a rediyo da bakin rijiya, ni kuwa damuwata ta inda zan ratsa in kai bakin gado ba tare da na buge gwiwa ba, ga yaro a hannu.

A Mandawari muke, can cikin lungu, gidan gado ne. Ni da maigidana muna ɗakin ƙurya, mahaifiyarsa Hajiya tana wanda ke kallon tsakar gida, inda ko kaza ba ta wucewa ba ta gani ba. Maigidan nawa mai buga takardu ne. Sana'ar mahaifinsa ya gada, tun zamanin da ake tsintar harufan dalma ɗaya bayan ɗaya ana jerawa da hannu, mutum ya wuni a tsaye bai gama shafi biyu ba. Shagon yana kan hanyar Shahuci. Katin biki suke bugawa, da rasit, da kalanda, da 'yan littattafan addu'a in wani malami ya kawo.

Da aka kaɗa gangar siyasa sai aiki ya zubo musu. Kowa yana son a buga fuskarsa a manna a katanga, har wanda ko 'yan gidansu ba za su zaɓa ba. Da abin da ya samu a 'yan watannin nan ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo, da firinta, da ɗan janareta saboda halin wuta. Ranar da aka kawo ta sai da Hajiya ta sa aka yi sadakar waina. To, ana rantsar da waɗanda suka ci, aikin ya ɗauke ɗif. Masu nasara sun kai nasu manyan maɗaba'u, waɗanda suka faɗi kuwa ko sallama ba sa amsawa. Kwamfuta na nan a lulluɓe da tsohon zanen gado.

A nan ne ya ce zai yi littafi nasa na kansa. Yana cin tuwo ya yi min bayanin bambancin. Ya ce mai bugu kamar tela ne, a kawo yadi ya ɗinka a biya shi, ko rigar ta yi wa mai ita kyau ko ba ta yi ba. Mai wallafawa kuwa kamar mai tuyar waina ne, shinkafarsa, mansa, itacensa, in ba a saya ba shi zai ci kwantai.

Na ce, "To me zai kai ka tuya, Malam?"

Ya ce, "Ba mai kawo yadi."

Akwai wani dattijo a Shahuci, malamin asibiti ne da ya yi ritaya bayan ya shekara da shekaru yana duba yara. Yana da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta cike da abin da ya tara: yadda ake kula da cibiya, da zawo, da zazzaɓi, da allurar rigakafi, da lokacin da ya kamata a ajiye jiƙo a nufi asibiti. Suka shirya da maigida. Dattijo ya ba da rubutu, shi kuma ya sa takarda da tawada da aikinsa, abin da Allah ya kawo su raba. Sunan da dattijon ya sa wa littafin dogo ne, na manta shi ma, wani abu dai mai kiwon lafiya a ciki. Maigida ya zaga wajen masu sayar da littattafai a kasuwa ya ji ta bakinsu. Suka ce masa yanzu na soyayya ne ke tafiya, 'yan mata da amare ne masu saye, in yana son nasa ya shiga to ya sa masa suna mai kiransu kai tsaye, da hoto mai ɗaukar ido.

Ya yi kwana biyu yana juya abin, ya fito da suna: Ke da Ɗanki na Fari. Da jan rubutu ya sa shi, manya-manya, ana iya karantawa daga tsallaken titi. A ƙasa kuma hoton wata yarinyar mace ce ta rungume jariri, kumatunta a kan nasa, tana dariya har haƙora. Cikin wani faifai da ya zo da kwamfutar ya samo ta. Kala huɗu aka buga bangon a kan takarda mai sheƙi, ya ce shi kaɗai ya fi komai cin kuɗi a aikin. Ya yi alfahari da bangon nan ƙwarai. Na farkon da ya fito daga inji, gida ya kawo ya jingina a kan kabad ɗina, tsakanin kwanukan jere.

Naɗin takarda a gida ake yi, haka aka saba tun mahaifinsa yana raye. A turo manyan takardu a baro, mu shimfiɗa tabarma a rumfa bayan azahar, ni da Hajiya da maƙwabta biyu. Mu naɗe, mu murje bakin naɗin da bayan cokali, mu saka wannan cikin wancan bisa lamba. Sannan a mayar shago a ɗinke tsakiya da waya, a yanke gefe. Ni aji huɗu na yi a firamare, mahaifiyata ta kwanta ciwo na zauna jinya, ban koma ba. Karatuna a hankali yake, sai na motsa baki. Amma takardar da ta ratsa hannunka tun azahar har la'asar, ko ba ka so sai wani abu ya zauna. A birkice na fara karanta littafin, yau shafin zawo, gobe na cibiya, jibi ƙarshen na zazzaɓi ba tare da na ga farkonsa ba.

Yaron lokacin watansa huɗu, kuma shi ne na fari. Duk wadda ta tashi a cikin birni ta san abin da ke nan. Ba na kiran sunansa, har yau ba na kira. In yana kuka a gaban Hajiya ba na motsi sai ta ce, "Ke, zo ki ba mijina abincinsa, kin bar min shi da yunwa." In baƙi suka ce ya yi ƙiba sai in sunkuyar da kai kamar ba ni na haife shi ba. Haka na ga an yi wa yayana a gidanmu, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba. Sai dai a ciki ni matsoraciya ce. Da na shiga ɗaki na saki labule sai in hau duba shi, maɗiga, tafin ƙafa, farin ido, numfashi. In ya yi barci mai tsawo in tashe shi, in ya ƙi barci in ce wani abu ne. Mutum ɗaya ne ya san wannan hali nawa, shi ne ubansa. Shi ma a waje ba ya ɗaukarsa. Amma a ɗaki in na ce jikin da ɗumi ba ya min dariya, sai ya taɓa ya ji, in ya ga da alama ya tada babur, mu ce wa Hajiya za mu gaida wata gwaggo a Gwammaja, mu wuce asibiti. Sau uku muka yi haka. Sau biyu ba komai, na ukun kuwa da gaske ne.

Don haka takardun da inji ya ɓata, waɗanda tawada ta yi wa yawa ko suka karkace, na riƙa tsincewa a ɓoye har na haɗa wa kaina littafi cikakke, ba bango. A ƙasan kwallar da nake ajiye zannuwa yake zama.

Littafi ya fita farkon damina. Yadda ake yi, mai shago ba ya saye. Karɓa yake ya ajiye, abin da ya sayar ya cire ladansa ya ba da saura, abin da ya rage ya dawo da shi. Maigida ya rarraba ko'ina, shagunan kasuwa, da masu shimfiɗa a bakin asibiti, har ya aika wasu garuruwa a motar haya. Ya ce mu jira. Muka jira. Kafin wata biyu kwalaye suka fara dawowa, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Shago da gara, zaure kuma yana yoyo, sai ɗakina. Aka jera su jikin bango har suka rufe taga. Ɗakin ya koma warin tawada da gam, ni kuma na shiga sabon tsoro, ko warin zai taɓa ƙirjin yaro, ko kwali zai rikito masa.

Masu shago kowa da nasa dalilin. Wani ya ce tsada, wani ya ce mutanenmu ba sa karanta abin da ba labari ba, wani ya ce da an ƙara hotuna a ciki. Wani kuma ya ce abin da ke ba shi mamaki, mace za ta zo ta ɗauka ta juya, sai ta ajiye da sauri kamar ya ƙona ta, ta sayi na soyayya ta tafi.

Ana cikin haka ɗan baffansa da ke Abuja ya aiko. Ya ce sabuwar gwamnati takardu take ci kamar fara, maɗaba'ar da yake aiki tana neman wanda ya iya kwamfuta kuma ya san inji. Akwai ɗaki, amma na gwauraye ne, ba a zuwa da iyali. Maigida ya faɗa min da hantsi, yana ɗaura agogo, bai kalle ni ba. Ya ce in damina ta wuce littafin bai motsa ba zai rufe shago ya tafi, ya riƙa zuwa bayan wata biyu ko uku.

Na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Abin da ake cewa ke nan. Amma yana fita na zauna a kan kwali na rasa abin da ke min daɗi. Ba abinci nake ji ba, Hajiya ba za ta bar mu da yunwa ba. Tunanina, in jikin yaron nan ya yi zafi, wa zan faɗa wa? In je in tsaya a ƙofar Hajiya in ce ɗana ba lafiya a kai shi asibiti? Da wane bakin? Ita kuma mace ce mai kirki, amma a wurinta kowane zazzaɓi haƙori ne.

Akwai wata dillaliya da ke shigowa gidanmu duk Talata, sa'ar Hajiya ce, tun suna 'yan mata suka san juna. Atamfa take kawowa, da turaren wuta, da kwanuka, da kayan jarirai. Ba gidan da ba ta shiga daga nan har gindin Dala, kuma ba haihuwar da za a yi ba ta riga wanzami ji ba. Hajiya ce ta ce mata ta ɗauki littafin ta gwada a gidajen masu jego, tunda can ne masu bukatarsa suke. Ta ɗauki 'yan kaɗan ta cusa a ƙullinta. Talata ta zagayo ta dawo da su cif, ta ajiye a gaban Hajiya ta ce, "Ba sa so." Ba ta ƙara ba, suka shiga cinikin turare.

Da za ta tafi sai ta leƙo ɗakina wai za ta ga angonta. Ta ɗauki yaron tana masa wasa, ta ce, "Kai, tsohon banza, har yau ba ka kawo min kuɗin cefane ba." Sannan ta rage murya.

"'Yar nan, me aka rubuta a jikin abin nan? Ni ba boko na yi ba."

Na buɗe baki zan karanta mata, wallahi sai sunan ya maƙale. Na faɗi kalma biyun farko, sauran na cinye su.

"Ke da wa?"

Na rufe fuska da mayafi. Ta yi dariya har sai da yaron ya tsorata.

"To kin gani! Ke da kike matar mai shi ma kin kasa faɗa. Gidan farko da na kai, yarinyar na gani ta tura shi ƙarƙashin tabarma, gwaggonta na zaune. Gida na biyu uwar ce ta karanta, ta ce min, Hajiya dillaliya, yanzu har rashin ta ido kike sayarwa? Ki dubi hoton ma, ta manna fuska a ta ɗa kamar ita ta fara haihuwa a duniya. Wace mai jegon fari ce za ta riƙe wannan a gaban mutane?"

Na sauke mayafin.

Ta ce, "Amma akwai wata a Gwammaja, ta biyo ni har soro ba takalmi, ta ce don Allah ko zan sayar mata in cire bangon. Na ce kayan mutane ne, ban isa in yaga ba."

Sai na ji kamar ta buɗe kwallata ne ta gani. Na ce, "To ki faɗa wa Malam mana, Baba."

"Ni? In ce wa namiji abin da ya ƙera da hannunsa bai yi ba? Ina da sauran ciniki a gidan nan. Ke ce matarsa." Ta miƙo min yaron ta saɓi ƙullinta.

Kwana tara na yi da maganar a ciki. Kullum in shirya yadda zan fara, in ya shigo sai in tambaye shi ko a kawo ruwa. Mutumin da ya gama sakandare, ya iya kwamfuta, ya zaga kasuwa ya ji ta bakin masu sana'a, ni 'yar aji huɗu zan ce masa sunan da ya fi so ne ya kashe littafin? Ga shi kuma ruwa ya fara ja baya, ana kwana uku huɗu ba a yi ba.

Ranar da ya ce in fito masa da jakar tafiya in shanya saboda ta yi warin ajiya, ranar na yi magana. Ya dawo cin abincin rana. Na ajiye kwano, na buɗe kwalla na zaro littafina marar bango, duk ya yi laushi saboda juyawa, na ajiye kusa da kwanon.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Nawa ne. Na karanta shi ya fi sau biyar."

"Ga su nan cike da ɗaki masu kyau, sai ki tsinci ɓatacce?"

"Masu kyan ba zan iya riƙewa ba, Malam. In Hajiya ta shigo fa?"

Ya dube ni, ya dubi na kan kabad. Na faɗa masa abin da dillaliya ta ce, da yarinyar da ta bi ta soro. Ina magana ina kallon tabarma. Da na gama ya ture kwanon kaɗan.

"Wato duk masu shagon nan da suka shekara ashirin suna sayar da littafi ba su gane ba, sai ku?"

Ban san lokacin da ta fito ba, na ce, "Su sun taɓa yin jego ne?"

Na kama bakina. Ya wanke hannu ya fita, ko rabin abincin bai ci ba. Na zauna ina cewa shi ke nan, na ƙara masa dalilin tafiya.

Washegari da safe da ya je gaida Hajiya sai na ga ya tafi da littafin mai bango a hannu. Ina shara a tsakar gida, na rage saurin tsintsiya. Na ji ya karanta mata sunan, ya tambaye ta yadda ta gani.

Ta ce, "Au, haka aka rubuta? Ni tun ranar da na ga hoton na ɗauka na mutanen Sabon Gari kake bugawa."

"Hajiya, kuma ba ki faɗa min ba?"

"Ka tambaye ni? Kai da kwamfutarka kuka yi shawara." Sannan ta ce, "Yarinya ba ta sayen abin ɗan fari. Ko wando ne, uwarta ke saye, ko gwaggo, ko ni. Wa ke dafa ruwan wanka? Wa ke gasa cibiya? Kwana arba'in a hannunmu suke, ita da ɗan. In kana da magana a kan jariri, da mu za ka yi."

Ya ce ai tsofaffi ba sa karanta boko. Ta ce tsofaffi suna da masu karanta musu, kuma su ne masu ƙullin kuɗi a bakin zane.

Bai yarda nan take ba. Ya ce sake bango wani kashe kuɗin ne a kan abin da ya riga ya mutu. Ya je wajen dattijon Shahuci, shi kuma ya ce dama can sunan bai kwanta masa ba, kunya ce ta hana shi faɗa. A ƙarshe maigida ya ce zai gwada kwali ɗaya tak, in bai tafi ba kada wanda ya sake yi masa maganar.

Sau ɗaya na taɓa shiga shagon, kuma a wannan makon ne. Mun dawo daga rigakafi ni da Hajiya, ita ke goye da yaron, ta ce mu biya ta ga abin da ya cinye kuɗin ɗanta. Ya yaye zanen gadon, ya tada janareta. Sai ga bangon a cikin gilashin kwamfutar, da jan rubutun da yarinyar mai dariya. Ya ce da zamanin mahaifinsa ne sai an sake jera dalma an sake sassaƙa hoto, aikin mako guda. Ya taɓa wani abu, yarinyar da jaririnta suka ɓace, wurin ya zama fari fat. Hajiya ta ce, "La'ilaha illallahu, ina ka kai su?" Ni kuwa sai na ji tausayinta, ban san dalili ba. Ya goge sunan ya rubuta sabo a gabanmu: Jagorar Kaka da Masu Kula da Jego. Hoton da Hajiya ta ce a sa babu shi a faifan, don haka wani mai rubutun allon shaguna ne ya zana masa da hannu, tukunyar ruwan wanka a kan murhu da damin ganye a gefe. Kala ɗaya aka buga, kore, a kan takarda marar sheƙi. Allah ya taimaka sunan bai bi kowane shafi ba, a bango yake sai shafin farko, don haka takarda ɗaya ce kawai ta ciki aka sake.

Cire tsohon bangon mu muka yi, a rumfa. Ka buɗe littafi a tsakiya, ka sa bakin wuƙa ka ɗaga wayar, ka zare ta baya, ka cire bango da takardar farko, ka sa sababbi. Aikin yana cin farce. Maƙwabciyarmu ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin an yi wa littafi sauyin kaya ba sai ka ce amarya.

Dillaliya ta ɗauki na farko ranar Talata. Ba ta nuna wa masu jego ba sam. Wajen iyayensu mata da kakanni da gwaggwanni ta nufa, lokacin da suke haɗa kayan barka. Ta ce musu ga sabulu, ga hoda, ga rigar jariri, ga kuma wannan a ɗora a sama, na malamin asibitin Shahuci ne, wanda ya duba 'ya'yanku. Da yawa sun san shi. Ta dawo ba ko ɗaya, ta ce a ƙaro, kuma a ƙara mata lada tunda ita ce kasuwar. Maigida ya yi ƙorafi a ɗaki, ya ƙara.

Ba zan ce littafin ya tashi kamar wutar kara ba. Masu shagon kasuwa har lokacin ba su damu da shi ba, sun ce kore ba ya kiran ido. Ta cikin gidaje ya riƙa tafiya, a ƙullin dillaliya da na wasu ƙawayenta biyu da ta jawo, yau uku gobe biyar, yadda haihuwa ta zo. Aka sake wa kwali na biyu bango, sannan na uku.

Wata la'asar Hajiya ta kira ni rumfa. Tana zaune da yaron a cinya da littafin kore a gefe. Ta ce idonta ba ya gani, ko da yana gani ma ba ta san boko ba, in karanta mata ta ji abin da ake sayar wa sa'o'inta da sunan kaka. Na ce daga ina? Ta ce daga wurin zazzaɓi. Na zauna a bakin tabarma na karanta da ƙarfi, a tsakar gida, maƙwabciya na jin mu ta katanga. Da na zo inda dattijon ya ce ba kowane zafin jiki ne haƙori ba, ta ce, "Shi ya sani," ta taɓe baki. Amma ta ce in maimaita alamomin da ya lissafa na zuwa asibiti. Na maimaita. Ta sa bayan hannu a wuyan yaron ta ji, ta ce, "Mijina dai lafiyarsa ƙalau." Daga ranar duk bayan kwana biyu sai ta kira ni karatu, ita ke zaɓar wuri.

Ruwa ya ɗauke. Aka fara shigo da sabon gero. Kwalaye sun ragu har taga ta buɗu, amma da saura da yawa, kuma maigida bai ce uffan ba a kan tafiya. Ni ma ban tambaya ba. Ɗan baffan nasa ya sake aikowa, na ji suna maganar da Hajiya ƙasa-ƙasa, ban tsinci komai ba. Kullum da safe sai in dubi fuskarsa in ga ko zan karanta wani abu, ba na samu.

Ranar wata Asabar bayan azahar na ji ƙarar baro a soro, da sallamar mai turawa. Na leƙa. Manyan takardu ne, sababbi fil daga inji, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Maigida ya biyo baya ya ce a shimfiɗa tabarma a kira maƙwabta. Na ɗauki ta sama na karanta a hankali. Maganar yaye ce, da kunun da ake fara ba yaro, kuma rubutun dattijon Shahuci ne. Littafi na biyu ne.

Na tsaya da takardar a hannu. Na san dai mutumin da zai rufe shago ba ya sayen takarda.

Hajiya ta ce, "Ke, tsayuwar me kike? Ɗauko cokula."

Na shiga na ɗauko.